Karin Kumallon Baba Mato

Ɓawon ƙwai ya faɗa cikin kwano, Asibi ta sa yatsa za ta ciro shi, ya zille mata. Ta goge yatsan a jikin zani, ta ja numfashi, ta sake gwadawa.

"Ki kaɗa shi da kyau," muryar Baba Mato ta fito daga ɗaki, can ƙasa-ƙasa. "Sai ya yi kumfa kafin ki zuba madara."

"To, Baba."

Baba Mato maƙwabcinta ne. Ƙofar ɗakinsa na kallon tata a gidan haya ɗaya, a sabon Zongon Lome, inda aka kwaso su bayan an rushe tsohon. Ƙuruciyarsa duk a kicin ɗin Faransawa ta ƙare, yana aikin kuku a gidajensu na bakin teku. Matarsa ta rasu tun kafin ƙaura. Tun farkon damina ciwo ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, abinci ya daina wucewa, ko koko sai an yi ta lallashi. Asibi ce ke jinyarsa, don ba shi da kowa a gari.

Yana da ɗa guda, Sabitu, wanda ya yi makarantar boko ya kama aiki a wata maɗaba'a a cikin gari. Wata rana aka wayi gari an watsa takardun sukar gwamnati a tituna, sojoji suka kwashe ma'aikatan maɗaba'ar kaf. Sabitu kaɗai ya kuɓuta, ya tsallaka Gana. Sojojin sun zo nan gidan, suka birkice ɗakin tsohon, suka farke katifa, suka kuma bar saƙo a tsakar gida: duk wanda ya ba yaron nan ko ruwan sha, abin da ya same shi shi ya ja.

To yau da sassafe, bayan mijinta Seydou ya wuce mayanka, 'yarta Mounira ta tafi makaranta, sai Asibi ta ji ana sosa ƙofar baya. Ta buɗe, ga Sabitu tsaye, wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa. Ta gonakin rogo ya biyo, labarin ciwon babansa ne ya dawo da shi.

Da tsohon ya gan shi bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ka rame." Daga nan ya juyo da ido wajen Asibi. "Akwai burodin jiya?"

Abin da yake so a soya wa ɗansa shi ne abin da ya saba soya masa yana yaro, da guntattakin burodin da Turawa suka rage. Fan ferdi suke ce masa da yarensu, wai burodin da aka fid da rai da shi. Asibi ba ta taɓa yi ba. Shinkafa da wake take sayarwa a bakin titi, ita da man shanun Turawa sai kallo. Amma tsohon ya nuna mata wani gwangwani a ƙarƙashin gado, ta tarar da ragowar man, wato bota, da ƙwallon gyaɗar ƙamshi ƙunshe a tsumma.

Ta yanka dogon burodin a karkace yadda ya ce. Ya bushe ƙwarai, wuƙa na shiga yana ƙara. Ta huda gwangwanin madara ta tsiyaya a kan ƙwan, ta murƙushe sukari, ta kankare gyaɗar ƙamshi da bakin wuƙa.

"Kada ki bar shi ya daɗe a ciki," in ji tsohon. "Tsoma, juya, ciro. In ya sha da yawa sai ya rushe miki a hannu."

Daga nesa ta ji usur.

Yau ranar tarbar Shugaba ce, zai dawo daga tafiya. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kuma irin wannan rana kowane gida sai ya fitar da mutane, a loda su a manyan motoci a kai su bakin hanya su yi tafi da rawa. Mutanen gidan duk sun fita tun ɗazu cikin atamfarsu mai hoton Shugaba. Mai usur ɗin kuwa Tchakoura ne, tela, wakilin jam'iyya na unguwa, shi ke bi gida-gida yana zaƙulo waɗanda suka maƙale. A Zongo ana raɗe-raɗin shi ya nuna wa sojoji gidan nan wancan karon. Ba wanda ya gani da idonsa, ba kuma wanda ya ƙaryata.

Ta ɗora kasko a kurfotin gawayi, ta jefa bota. Yana narkewa ta shimfiɗa yankan farko, ya yi cuuu. Nan take ƙamshi ya tashi, irin wanda ba a saba ji a Zongo ba, ya cika tsakar gida ya haura katanga. Sai a lokacin ta gane kuskurenta. Ta ɗauki mafici ta shiga korar hayaƙin, kamar hakan zai yi wani amfani.

Usur ya matso. Ya tsaya a gidan maƙwabta. Ya sake matsowa.

"Salamu alaikum! Mutan gidan nan!"

Tchakoura ya shigo, riga mai hoton Shugaba ta ɗame masa ciki, usur na lilo a wuya. A bayansa, daga bakin ƙofar gida, Asibi ta hango kafaɗar soja da bakin bindiga. Sojan bai shigo ba, ya jingina da bango yana kunna taba.

"Maman Mounira, ba ki ji usur ba ne?"

"Na ji, Malam Tchakoura. Mara lafiya gare ni, kai ma ka sani."

"Na sani." Ya shaƙi iska, ya tako har gaban kurfoti, ya leƙa kasko, ya leƙa farantin da ta fara tarawa. "Ikon Allah. Mutumin da aka ce ko koko ba ya haɗiya, shi ne zai tashi da wannan tulin?"

"Marmari ya yi."

"Marmari." Ya jawo benci ya zauna, bayansa na gogar labulen ɗakin Baba Mato. Ya miƙa hannu ya ɗauki yanka ɗaya, ya hura, ya gatsa. "Kai! Ashe haka Turawa ke jin daɗi. Wa ya koya miki?"

Kafin ta amsa, wani abu ya yi ƙara a cikin ɗakin, kamar ƙafa ta ture kwanon sha. Tchakoura ya daina tauna. Yankan da ke cikin kasko ya fara ƙonewa, Asibi ta kasa juya shi.

"Tchakoura ne?" Muryar tsohon ta fito da wani ƙarfi da Asibi ta manta yana da shi. "Ni na ture kwano, hannun nan ya daina jin magana. Ka ci, ka ƙara. Ni na koya mata."

"Baba Mato, ya jiki?"

"Jiki ya gama nasa. Ya yara?"

"Lafiya lau."

"Ka gaishe su. Asibi, ƙauri nake ji. Ki rage wuta, ki kawo mini nawa."

Ta kwashe wanda ya ƙone, ta zaɓi masu kyau ta jera a faranti. Dole sai ta raɓa Tchakoura kafin ta shiga. Ya ɗan kauda gwiwa, bai tashi ba. Ta ɗaga labulen iya faɗin jikinta, ta shige, ta sake shi.

Ɗakin da duhu-duhu, yana warin man zafi. Sabitu na durƙushe a lungun da ke tsakanin gado da bango, ya riƙe hannun babansa da hannu biyu. Maganar da tsohon ya yi ta cinye masa sauran ƙarfi, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri, leɓɓansa sun yi fari. Duk da haka ya nuna farantin da ido, ya nuna ɗansa.

Sabitu ya girgiza kai. Tsohon ya kafe shi da ido, irin kallon da uba ke yi wa yaro mai ƙin abinci. Sabitu ya ɗauka ya gatsa. Yana taunawa a hankali don kada a ji, hawaye na sauka a gemunsa. Tsohon na kallon bakinsa har ya haɗiye. Sannan ya buɗe nasa bakin kaɗan. Sabitu ya gutsuro ɗan mitsitsi daga tsakiya, inda ya fi laushi, ya ɗora masa a harshe.

Baba Mato ya lumshe ido. "Madara ta yi yawa," ya ce cikin raɗa, gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Amma ta yi ƙoƙari."

Daga nan numfashinsa ya sauya. Asibi ta taɓa ganin irin wannan a wajen mahaifiyarta, ta san abin da ke tafe. Ja ɗaya mai tsawo, shiru, wani ja. Idanunsa suka buɗe suna neman wani abu a rufin kwano. Lokacin laƙanta masa kalmar shahada ne. Ta buɗe baki, muryarta ta ƙi fita.

Sabitu ya dube ta. Ya dubi labule, inda inuwar Tchakoura ke zaune. Sai ya sunkuya dab da kunnen babansa, wanda yanzu ya yi nauyi, ya ɗaga murya yadda tsohon zai ji.

"La'ilaha illallah. Baba, La'ilaha illallah."

Leɓɓan tsohon suka bi shi. Ya sake faɗa, suka sake bi. A na gaba ba su motsa ba.

A waje benci ya yi ƙara. Labule ya ɗaga, haske ya shigo, Tchakoura ya tsaya a bakin ƙofa da sauran burodi a hannu. Ya dubi gado. Ya dubi Sabitu. Sabitu bai tashi ba, bai saki hannun babansa ba. Asibi ta tuna Seydou a mayanka, ta tuna Mounira.

Sojan ya yi magana da Faransanci daga ƙofar gida, yana tambayar abin da ya tsayar da su. Suka ji takun takalminsa ya shigo tsakar gida.

Tchakoura ya juya, ya cika ƙofar da jikinsa, ya ja labule ta bayansa. "Tsohon ne ya mutu yanzun nan," ya ce da Faransancinsa na kasuwa. "Amai da gudawa. Duk ɗakin ya ɓaci. In za ka shiga, ka toshe hanci, kada kuma ka taɓa komai."

Takun ya tsaya. Sojan ya tofar da yawu, ya yi wata ashar, ya ce yana jira a bakin titi, kada a ɓata masa lokaci. Takun ya yi nisa.

Tchakoura ya shigo. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, hoton da ke ƙirjinsa ya manne da fata. Ya ajiye guntun burodin a faranti, ya goge hannu a wando.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. Ya shafa idanun mamacin ya rufe su. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Kama ƙafafun."

Sabitu ya kama. Suka miƙar da tsohon, suka juya shi ya fuskanci alƙibla. Tchakoura ya karɓi ɗankwalin da Asibi ta miƙa, ya ɗaure haɓar, ƙullin ya kwance ya sake ɗaurewa. Suka rufe shi da mayafi.

"Malam Tchakoura..." Sabitu ya fara.

"Ban ji ba." Tchakoura ya juyo wajen Asibi, da ita yake magana, muryarsa na fita ta tsakanin haƙora. "Maman Mounira, kun so ku kashe ni. Yara ƙanana gare ni. Na shigo ɗakin nan na tarar da ke da gawa, iyakar abin da na gani ke nan. In wani abu ya fito daga baya, ban sani ba, ke ma ba zan san ki ba."

"Na ji."

"Motoci za su tashi yanzu. In sun tashi, hanya ba kowa. In sun dawo, da sojoji za su dawo, kuma gidan nan zai cika da 'yan gaisuwa. Ba kowane mai zuwa gaisuwa ne gaisuwa ta kawo shi ba."

"Ubana ne," in ji Sabitu. "Ko salla a yi da ni."

Karon farko Tchakoura ya dube shi sosai. "Ka tsaya a haƙa kabari biyu?" Ya kauda kai. "Zan faɗa wa liman. Ni zan sa shi a kabari da hannuna."

Ya fita. Can a bakin titi usur ya sake tashi, injinan motoci suka ɗauka, muryoyin mata suka fara waƙar jam'iyya, waƙar ta yi ta raguwa har ta ɓace wajen hanyar gari. Zongo ta yi tsit, sai kukan akuya a wani gida.

Sabitu ya fito tsakar gida ya yi alwala a gindin randa. Ya koma ya durƙusa gaban gadon, ya daɗe yana addu'a, goshinsa a kan mayafin. Asibi ba ta katse shi ba, sai leƙa ƙofar gida take yi tana dawowa. Da ya fito idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Inna Asibi, ban san da wane baki..."

"Tafi," ta ce. "Allah ya tsare. Tafi, ɗan nan."

Ta buɗe masa ƙofar baya. Ya sunkuya ya bi gefen katanga, ya faɗa cikin rogo. Ganyen ya motsa na ɗan lokaci, sannan ya tsaya.

Da ta juyo sai ta ga sawun ƙafarsa a kan siminti, daga gindin randa zuwa ɗakin, daga ɗakin zuwa ƙofar baya, manyan sawaye na namiji, da laka ja ta gona a jiki. Ta ɗebi ruwa a bokiti ta watsa, ta bi da tsintsiya. Ruwan ya gangara ta kwata a hankali, kajin gidan suka taho suna sa baki suna ɗaga kai sama.