Basiru Baki da Basiru Baƙi

Shekara goma sha ɗaya Malama Maimunat ta yi tana riƙe da lissafin shagon mijinta. Iliyasu yana sayar da takin zamani da iri da maganin feshi a bakin kasuwar Ɗambatta, kuma rabin cinikinsa bashi ne: manoma su ɗauki taki da faɗuwar damina, su biya da kaka. Shi ba ya taɓa kwamfuta. Kullum da yamma yakan dawo da rasit cike da aljihu, ita kuma in ta taso daga firamaren da take koyarwa ta sauke tukunya, sai ta zauna ta shigar da su a wata tsohuwar kwamfuta mai Windows. Manhajar lissafin wani mutumin Kano ne ya rubuta ya sayar musu, daga baya lambarsa ta daina shiga.

Saura mako uku ruwan shuka ya sauka, kwamfutar ta fara mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki. Iliyasu ya sayo laftof ta hannu ya bai wa ƙanen matarsa, Jamil, wanda yake gyaran kwamfuta a Kano, ya ce ya daidaita ta. Ranar Alhamis Jamil ya sauka daga mota da ita a jaka, yana murmushi.

"Yaya, na goge komai na sa miki Linux. Ba kya sayen lasisi, ba ta nauyi, ba ta kwasar cuta."

"Wa ya ce ka goge?"

"Za ki gode min. Rabin awa na gama kwashe miki lissafin, in kama motar la'asar."

Ya sa filashi a tsohuwar kwamfutar ya kwafo manhajar, ya kai sabuwar, ya danna. Ba ta buɗe ba. Ya sake dannawa. Ya ciro wayarsa ya yi bincike, ya sauke wani abu da ya ce zai sa Linux ta ɗauki manhajar Windows, ya cinye datar Maimunat ta wata guda. Manhajar ta buɗe, ta nuna sunan shagon, sannan ta ɓace.

"Ka mayar da ita yadda aka sayo ta," in ji Maimunat.

"Ai wancan ya tafi, Yaya. Kuma ko na mayar, wannan manhajar ta tsufa, ba lalle sabuwar Windows ta karɓe ta ba. Bari mu fitar da lissafin kawai, mu zuba a wata."

Motar la'asar ta tafi babu shi.

Washegari da safe ya fitar da lissafin daga tsohuwar kwamfutar zuwa fayil guda, manoma ɗari huɗu da tamanin da 'yan kai. Da ya buɗe a sabuwar, Maimunat ta leƙa ta bayan kafaɗarsa ta ga sunayen sun rikice. Ɗanlami ya koma [anlami. Ƙasimu ya koma {asimu. Duk sunan da yake da harafi mai ƙugiya ya fito da wata alama a madadinsa. Lambobin waya kuwa duk sun zubar da sifilin farko.

"Wannan wane yare ne?"

Jamil ya sosa ƙeya. Ya ce mutumin da ya rubuta manhajar da wani tsohon salon rubutu ya yi aiki, wanda yake ɓoye ɗ da ƙ da ɓ a bayan waɗannan alamomin. Tsohuwar kwamfutar ta san sirrin, sabuwar ba ta sani ba.

"To ka sanar da ita."

"Abu mai sauƙi."

Ta fara tsanar wannan kalmar. Ta tafi makaranta ta bar shi a falo da shayi. Da ta dawo ya nuna mata sunayen sun fito tas, babu alama ko ɗaya, sifilin ma ya dawo. Bai gaya mata yadda ya yi ba, ita ma ba ta tambaya ba, domin hankalinta ya tafi kan wata matsalar. Ta ga an rubuta wani manomi ya biya bashinsa ranar goma sha ɗaya ga Mayu.

"Jamilu, wa yake biyan bashin taki a watan Mayu? A Mayu ko shuka ba a yi ba."

Ya duba. Biyar ga Nuwamba ne. Sabuwar manhajar ta ɗauki rana a matsayin wata, wata a matsayin rana. Inda ranar ta wuce goma sha biyu kuma ta rasa yadda za ta yi, ta bar wurin a haka kamar rubutu. Rabin kwanakin sun juye, rabi ba su juye ba.

Maimunat ta zauna a kan tabarma ta cire gilashinta ta rufe ido da tafin hannu.

Ana cikin haka Iliyasu ya shigo daga masallacin Juma'a. Motar taki za ta zo Talata, kuma dillalin takin ya ce sai an biya rabi kafin a sauke buhu ɗaya. Yana son sunayen waɗanda bashin bara ya rage a kansu.

"Abban Sadiya, ka dakata," ta ce. "Ban tantance ba."

"Kwanan wata ne ya rikice, Alhaji," in ji Jamil. "Kuɗin daidai suke. Na duba jimilla, ta yi daidai da ta tsohuwar har kwabo."

"To ni kuɗi nake nema, ba kalanda ba."

Ya kwafi sunaye ashirin da lambobinsu a takarda ya fita. Maimunat ta bi bayansa da kallo, ta juyo ta kalli ƙanenta.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Iliyasu ne ya dawo daga shago, abin da ba ya yi ranar kasuwa, tare da wani dattijo dogo. Ya shigar da shi zaure, ya leƙo ciki ya ce Maimunat ta zo bakin ƙofa da laftof ɗin.

Ta san mutumin da suna. Malam Basiru ne na wani ƙauye ta hanyar Kunci, wanda ake ce wa Basiru Baƙi saboda launin fatarsa. Shekara tara yana ɗaukar taki a wurinsu, bai taɓa kai watan Disamba da bashi ba. Daga bayan labule ta ji muryarsa, a hankali yake magana.

"Malama, a gafarce ni. Jiya Alhaji ya kira ni ina cikin mutane a wurin suna, wayar kuma a buɗe take kowa yana ji. Ya ce ana bina kuɗin buhu takwas. Ban yi musu ba. Na ce zan zo."

Ya miƙo wata leda ta ƙarƙashin labulen. Rasit ne na shekara tara, a jere, an ɗaure da zare.

Ta nemo sunansa. Babu Basiru Baƙi a cikin kwamfutar. Akwai Basiru Baki guda ɗaya, ya ɗauki buhu goma sha shida, ya biya takwas. Nan take ta gane. Basiru Baki wani ne daban, dillalin awaki a Ɗambatta, surutunsa ne ya jawo masa laƙabin. Shi ne ya ɗauki buhu goma ya biya biyu, tun kaka yake cewa gobe.

Ta juya wurin Jamil, wanda yake tsaye a tsakar gida da buroshi a baki.

"Da ka gyara sunayen, me ka sa a wurin ƙ?"

"K na sa. Babu ƙ a madannan wannan, kuma ai duk ɗaya ne, mai karatu zai gane."

"Mai karatu zai gane. Ita kwamfutar fa?"

Ya ce da ya zuba sunayen, manhajar ta tambaye shi ko ta haɗe waɗanda suka zo iri ɗaya, ya ce ta haɗe. Ta haɗe mutum biyu, ta riƙe lambar wayar na farko.

Iliyasu ya durƙusa a gaban dattijon yana ba shi haƙuri. Malam Basiru ya ce ba komai, kuskure na ɗan Adam ne. Ya karɓi ledarsa, ya ƙi shan ruwan da aka kawo, ya ce zai kama mota.

Da Iliyasu ya dawo daga rakiya ya fara ɗaga murya kan Jamil. Maimunat ta tare shi.

"Shi ya haɗe, kai ka kira. Na ce ka dakata. Mutumin da shekara tara bai taɓa saɓa maka ba, da ka ga lambarsa ba ka tsaya ka yi tunani ba?"

"Ni suna na gani, ba lamba ba."

"To yanzu ku duka biyun ku ba ni wuri."

Ba ta bar Jamil ya tafi ba. Ta sa ya goge duk abin da ya zuba, suka tayar da tsohuwar kwamfutar da fanka a gefenta, suka sake fitar da fayil ɗin. Ta tsaya a kansa har ya nemo yadda ake rubuta haruffa masu ƙugiya a Linux, abin da bai kai minti goma ba. Ya mayar da kowace alama harafinta na gaskiya. Ya gaya wa manhajar rana ce a gaba kafin wata, tun kafin ta buɗe fayil ɗin. Kowane manomi ta ba shi lamba tasa. Sannan ta ɗauko kwalin rasit ta riƙa karantowa yana dubawa, ɗaya bayan ɗaya. Sun samu wasu mutum shida da aka haɗe, har da wani Audu Bako da Audu Baƙo. Biyu daga ciki suna cikin takardar Iliyasu, Allah ya sa wayoyinsu ba su shiga ba.

Sai Laraba Jamil ya koma Kano, maigidansa ya kira shi ya fi sau goma.

Juma'ar da ta biyo, Iliyasu ya hau babur ya je ƙauyen Malam Basiru, ya yi sallar Juma'a a can, ya tashi a gaban jama'a ya ce kuskuren daga shagonsa ne, ba a bin Malam Basiru ko sisi. Dattijon ya yi godiya. Da ruwa ya sauka ya zo shagon kamar kullum, amma buhu huɗu ya saya maimakon shida, ya biya a take, ya ce kada a rubuta sunansa a ko'ina.

Basiru Baki kuwa labari ya riga ya kai masa. Da aka aika masa, sai ya ce shi bai yarda da lissafin kwamfutar da ba ta bambance mutum da mutum ba, a kawo masa a rubuce. Maimunat ta kwashe rasit ɗinsa guda bakwai masu ɗauke da dangwalen yatsansa ta ba Iliyasu. Da ya kai masa, Basiru Baki ya duba, ya yi dariya, ya ce gobe.