Hayaƙin Murhun Afiniki

Afiniki mace ce mai tambaya. Ko gishiri aka ce ta ƙara a miya sai ta ji dalili, har sauran masu dafa abinci suka gaji suka daina ba ta amsa. Me ya sa ake ba malamai shayi da madara, yara kuma kunu? Yaya 'yan matan da ke kan dutse suke sanin ranar dawowa hutu, alhali babu gidan waya can sama, babu rediyo? Wannan ta biyu ta daɗe tana cin ranta, domin ita ba 'yar kan dutse ba ce, daga wajen Kafanchan take, ba ta taɓa hawa dutsen ba. Ta tambayi wata yarinya sau ɗaya, yarinyar ta ce, "Baba ne ya ce mu tashi," shi ke nan.

Makarantar kwana ce ta 'yan mata a gindin dutsen Kagoro, mishan suka gina, gwamnati ta karɓa. A bazarar shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, zafi ya yi zafi, sanƙarau ya shiga gari. Yaro zai kwanta da ciwon kai, kafin a ce me, wuya ya sandare. Sai umarni ya zo daga sama cewa a sallami ɗalibai, kada a tara yara a ɗaki ɗaya. Masu zuwa Kwoi da Samaru suka hau mota, 'yan kan dutse suka ɗora akwatunansu a ka suka kama hanya.

Madam Edna, shugabar makarantar, ta tara ma'aikata a gindin mangwaro ta gaya musu yadda doka take. Malamai masu albashin wata za a biya su, ko suna kwance a gida. Ma'aikatan rana kuwa, wato masu dafa abinci da masu shara da mai buga ƙarfen ƙararrawa, sai ranar da suka yi aiki. Wanda kuma ya daɗe ba a gan shi a bakin aiki ba, in an buɗe ana iya ɗaukan wani a gurbinsa.

Kowa ya san wadda za ta fara magana.

"Madam, ki yi haƙuri," in ji Afiniki. "Ciwon nan ya san mai albashin wata da mai albashin rana? Wanda ya tafi gida a biya shi, wanda ke son aiki a kwashe masa yara, a ce bai yi ba. Wa ya zauna ya tsara wannan?"

Ba faɗa take nema ba, so take ta sani. Amma ƙarƙashin tambayar akwai tsoro, kuma Madam ta gan shi. Mijin Afiniki ya rasu, rumbunta ya kusa ƙasa, damina da saura, ga yara uku a gida. Tukunyar makaranta ce ke ɗora tata.

Da taro ya watse Madam ta kira ta gefe, ita da Baba Andrawus, tsohon da ke buga ƙarfe.

"Mama, doka ta ce wanda ya zo ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa, a biya shi. Ba ta ambaci yara ba. An ɗauke ki aikin me?"

"Hura wuta da ɗora tukunya."

"Kai fa, Baba?"

"Buga ƙarfe."

"To, ni ban ce komai ba," in ji Madam, ta juya ta koma ofis.

Sauran matan suka tsorata da ciwon suka koma ƙauyukansu. Aka bar mutum biyu suna yi wa makarantar da babu kowa hidima. Afiniki takan zo da sassafe ta hura manyan murhu, ta ɗora tukwanen ƙarfe cike da ruwa. Don kada kunya ta kashe ta, sai ta riƙa kwaso bargunan yara tana tafasawa tana shanyawa. Shi kuwa Baba Andrawus, ƙararrawarsa guntun ƙarfen layin dogo ne da aka rataye a reshen mangwaro, in ya doka har dutse sai ya amsa. Yakan buga na tashi, na addu'a, na shiga aji, na abinci, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.

"Baba, wa ya makara yau?" takan tambaye shi.

"Akuyar fasto. Gobe zan sa ta yanke ciyawa."

Abin ya ba ta mamaki fiye da yadda ya ba ta dariya. Tana juya barguna da muciya tana tunani. Shi wanda ya rubuta dokar nan, ya taɓa tsayawa kusa da murhu? Da zai leƙo ya ga mace tana dafa ruwa don a ce ta yi aiki, daɗi zai ji ko kunya? Malam Wilfred mai koyar da lissafi yana can Kwoi yana gyaran gonar citta, albashi na jiransa. Ba ta yi masa baƙin ciki ba, Allah ya gani. Kawai dai tana so wani ya gaya mata inda aka auna aikinsa da nata aka ga nasa yana ci gaba ko yana barci.

Haka aka yi ta tafiya, har wata ranar kasuwa. Hantsi ya ɗaga, tana shanya bargo, sai ta hango mutum biyu suna shigowa ta ƙofar makaranta. Namiji a gaba da sanda, yarinya a baya da akwatin kwano a ka, sanye da rigar makaranta wankakkiya fes. Roseline ce, 'yar aji ɗaya, wadda kullum take roƙon ƙanzo in an kwashe tuwo. Ta sauke akwati ta durƙusa ta gaida ta da murna.

"Mama, ina kwana. Ni na fara zuwa?"

Bargon ya kusa faɗuwa daga hannun Afiniki. Ta dubi uban, wani dogon mutum mai suna Kumai, gumi ya jiƙe masa riga.

"Sannu da hanya. Wa ya ce muku an buɗe?"

"Ai ku," in ji shi, da irin Hausar mutanen kan dutse. "Mun ga hayaƙi, mun ji ƙarfe. Tun zamanin mishan haka ne. In hutu ya ƙare, masu dafa abinci su fara zuwa su wanke tukwane su hura wuta, ƙarfe ya fara kuka. In mun ga hayaƙi ya jera safiya da safiya bai fasa ba, sai mu ce yara su yi wanki. Wannan karo ma mun daɗe muna kallo, don an ce ciwo ne. Da muka ga bai tsaya ba, muka ce to an gode Allah, ciwo ya wuce."

Ga amsar da ta yi shekaru tana nema, ta zo har ƙofar murhu da ƙafarta. Ashe ita ce gidan wayar. Duk shekarun nan tana hura wuta, ba ta san akwai idanu can sama suna karanta hayaƙinta ba. Da a wata rana ce da ta tafa hannu don daɗi, amma ba yau ba.

Ta juya wajen Baba Andrawus, wanda ya taso ya tsaya da guduma a hannu.

"Baba, ka san wannan?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na sani. Na ce ai an gaya musu ciwo ne, ba za su zo ba. Ni ma ina da bakin da nake ciyarwa a gida, Afiniki."

Afiniki ta juya ta bar shi. Ta tambayi Kumai ta ina suka biyo. Ya ce ta kasuwa, sun tsaya sayen sabulu, mutane cunkus. Nan take ta jawo Roseline ta dafa goshinta.

"Kanki na ciwo? Sunkuya. Taɓa ƙirjinki da haɓa."

Yarinyar ta yi, tana dariya, ba ta san me ake nema ba. Wuya lafiya lau. Afiniki ta sauke numfashi.

Madam Edna ta fito da ta ji muryoyi. Da aka gaya mata, ita ma fuskarta ta canja. Ta ce lallai su koma yau, kuma kada su sake bi ta kasuwa, shi kuma Kumai ya gaya wa kowa ba a buɗe ba.

"Zan faɗa, Madam," in ji shi. "Amma gidajenmu a warwatse suke. Da muka taso na ga rigunan makaranta a shanye a gidaje da yawa. Na can gefen dutse ba bakina za su ji ba, hayaƙi za su duba. In gobe ya tashi, za su sauko."

Madam ta dubi murhu, ta dubi Afiniki. Ba ta ɓoye mata ba.

"Mama, in wutar nan ta mutu, ba ni da abin da zan ce kin yi. Kuma ban san ranar da za a buɗe ba."

Afiniki ta tsaya tana kallon hayaƙin yana miƙewa sama abinsa. Ta tuna rumbunta, ta tuna autanta da bai iya kwana da yunwa ba. Ranta ya ɓaci, tsoro ya kama ta sosai. Duk da haka halin tambaya bai bar ta ba.

"Madam, tambaya ɗaya. In na riƙa zuwa kullum na zauna ina gadin murhu kada ya kama, ba aiki ba ne?"

"Aiki ne, Mama. Amma ba shi aka ɗauke ki ba."

"Na ji."

Kumai ya ɗauki bokiti zai taimaka ya watsa ruwa, ta riƙe masa hannu. Ruwa a kan garwashi, ai farin hayaƙin da zai tashi sai an gan shi har bayan dutse. Ta zare itatuwan ɗaya bayan ɗaya ta tura kawunansu cikin ƙasa, ta ɗebo yashi da kwano ta binne garwashin, murhu bayan murhu, har babu abin da ke tashi. Baba Andrawus bai jira an ce masa ba. Ya jawo benci ya hau, ya kwance ƙarfen daga reshe, Kumai ya tare masa suka kwantar da shi a ƙasa. Makarantar ta yi tsit, sai kukan kurciya a kan rufin aji.

Roseline tana zaune a kan akwatinta tana kallonsu. Tun da asuba suka taso, ba ta sa komai a baki ba, don an ce mata in ta iso akwai abinci. Ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya kada babanta ya ji.

"Mama, yau ba za a dafa ba? Ko ƙanzo ne."

Afiniki ta dube ta. Tun da aka rufe take dafa ruwa don a ce ta yi aiki. Yau ga ɗaliba a gabanta da yunwa, ga tukwane a wanke, ga dawa a sito, ga itace, kuma ita da hannunta ta binne wutar. Hawaye ya cika mata ido, ta share da bakin zane.

Ta kwance ƙullin da ta zo da shi daga gida, dafaffen rogo ne na jiya da ɗan ƙuli-ƙuli, abincin ranarta. Ta shimfiɗa a kan murfin akwatin.

"Ci, 'yata. Da sanyi ne, ki yi haƙuri."

Yarinyar ta sa hannu. Afiniki ta zauna a bakin murhun da ya mutu, ta ɗaga kai tana duban dutsen, tana neman inda rigunan suke a shanye.