Gwanjon Goggo Zilpha

"Santi casa'in a mako! Wa zai rage?"

Ina bakin ƙofar zauren taron gari da kwandon gurasar citta ina sayarwa, na ji muryar Mista Tenney, babban dattijon gari, ta cika ɗakin. Watan Maris ne na 1818. Ƙanƙara ta fara narkewa a tsaunukanmu na New Hampshire, takalman maza sun cika daɓe da caɓi. An gama zancen gyaran gada, sai aka zo kan matalauta kamar kowace shekara. Duk wanda ba shi da mai riƙe shi, gari kan yi gwanjonsa. Wanda ya yarda gari ya biya shi kuɗi mafi ƙanƙanta shi zai tafi da shi gida, ya ciyar da shi, ya mori aikinsa har shekara ta zagayo.

Goggo Zilpha Marden ce zaune a bencin gaba, ta ɗora ƙullin kayanta a cinya, ta miƙe baya kamar a coci. Mijinta ya rasu a shekarar da sanyi ya kashe amfanin gona, masu bin bashi suka karɓe gonar. Ɗanta guda, Elkanah, ya riga ya tafi Ohio neman ƙasa.

"Tamanin," in ji Jabez Cram.

Kowa ya san gidan Cram. Tsohon da ya ɗauka bara a saman ɗakin dabbobi ya riƙa kwana, bai kai bazara ba.

"Saba'in da biyar."

Na ɗaga kai da sauri, don na san muryar. Mijina ne, Lemuel, wanda ya bar gida da safe yana cewa zancen gada kaɗai ya kawo shi.

A hanyar komawa muna cikin keken doki, na matso kusa da kunnensa. "Gada ka zo gyarawa, ka komo mini da tsohuwa?"

"Rage murya, 'yar nan," in ji Goggo daga baya. "Tsohuwar da kunnenta aka sayar da ita."

Lemuel ya yi dariya har linzami ya kusa suɓuce masa.

*

Ban taɓa jin daɗin shekara kamar waccan ba. Muka ba ta ɗakin da ke jikin murhu saboda sanyin ƙashin da ke damun ta. Kafin mako ya cika ta ƙwace madafa daga hannuna. Ta ce man shanun da nake kaɗawa ko kare zai yi tunani kafin ya lasa, ta nuna mini yadda ake wanke shi da ruwan rijiya sau uku. Ta ce Lemuel yana cin wake kamar wanda ake kora. Shi kuma yana kiran ta "dukiyata", in ya shigo daga gona ya ce, "Ina dukiyata? Ba ta gudu ba dai ko?"

"Ina zan gudu in bar ka da safa mai huda? Miƙo ƙafar nan."

Da tari ya kama jaririyarmu Philura a kaka, har numfashinta yana fita da ƙara, likita ya zo ya ce a tsaga a zubar da jini. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce jinin nawa ne duka a jikin 'yar wata tara? Ta dafa albasa da zuma, ta zauna da yarinyar kan turirin tukunya kwana biyu. Philura ta warke. Kalmar farko da ta iya faɗa ba "Mama" ba ce, "Goggo" ce, na yi fushin ƙarya na yini guda.

Hannunta ya ƙage, ba ta iya riƙe alƙalami, don haka ni ke rubuta mata wasiƙa. Duk bayan wata biyu, ran Lahadi bayan coci, sai in feƙe alƙalamin gashin dinya, in shimfiɗa takarda falle ɗaya. Falle ɗaya tak, domin mai karɓa ke biyan kuɗin kawo wasiƙa, santi ashirin da biyar, kuma ba ta son ɗora wa ɗanta nauyi. In takardar ta cika sai in juya ta a karkace in ci gaba da rubutu a kan rubutu.

"Rubuta: ɗana abin ƙaunata, ina lafiya, ina fatan wannan ta same ku haka. Ƙafata ta yi sauƙi. Man shanu ya kai santi goma sha huɗu. Matar fasto ta sake haihuwa, namiji, da hancin ubansa, Allah Sarki."

"In sa zancen hancin?"

"Sa mana. Ya san hancin."

Amsar Elkanah takan ɗauki mako biyar ko shida. Lemuel ya je kantin Mista Dole, inda ake ajiye wasiƙu, ya biya ya karɓo. In karanta mata sau uku, tana kaɗin ulu tana gyaɗa kai. A cikinsu muka ji masassara mai rawar ɗari ta kwantar da Elkanah duk watan Agusta. Matarsa Lovina ta haifi ta uku. Ya sare itatuwan kadada takwas, masara ta yi tsawon mutum biyu, amma ba mai saye. Saura biya biyu ya gama da kuɗin ƙasa. Suna da saniya guda, ja, ita ke riƙe da yaran. Kullum yakan rufe da cewa da zarar ya gama biya zai zo ya ɗauke ta.

Abu ɗaya ne ba ya shiga wasiƙa. A sanin Elkanah, uwarsa tana zaune da mu ne don ni 'yar ƙawarta ce, na roƙe ta ta zo ta taya ni reno.

"Goggo, ai ya kamata ya sani," na ce mata wata rana.

"Ya sani ya yi me? Ya bar ƙasar da ya zuba wa jininsa ya taho a ƙafa? Rubuta abin da na ce, Asenath. Tawadarki ce, amma bakina ne."

*

Da Janairu ya shigo sai hankalina ya tashi. Cram ya tare Lemuel a wurin niƙa, ya ce ya ji tsohuwar tana kaɗa ulu fiye da budurwa, bana ba zai bari ta wuce shi ba. Mu kuwa amfaninmu bai yi yawa ba, ba mu san iya inda za mu iya sauka ba.

Ran da muka rubuta wasiƙar watan, ta fita duba kaji kafin in liƙe. Na ɗauki alƙalami na ƙara layi uku a gefe, da ƙananan baƙaƙe. Na gaya masa gari ne ke riƙe da uwarsa, an yi gwanjonta bara, za a sake a watan Maris. Na ninke, na ɗiga kaki.

Maris ya zo, amsa ba ta zo ba. Ran gwanjo Goggo ta sa baƙar rigarta ta coci, ta ɗaure kayanta tsaf, ta sumbaci Philura. Ban iya zuwa ba. Na zauna ina fere dankalin da ya fi ƙarfin cikinmu, ina leƙen hanya.

Da la'asar na ji ƙarar keke. Su biyu ne a ciki.

"Nawa?" na tambayi Lemuel yana kwance doki.

"Ashirin. Cram ya sauka talatin, na ce ashirin da biyar, ya ce ashirin da biyu. Da na ce ashirin sai ya tofar da yawu ya ce in je in ci ta da gishiri."

Santi ashirin ko hatsin da take ci ba zai saya ba. Na rungume shi a tsakar gida, abin da ban taɓa yi da rana ba.

Goggo ta sauko a hankali, ta miƙa mini ƙullin. "Bara saba'in da biyar, bana ashirin. Ɗan nan, dukiyarka tana faɗuwa. Baɗi sai ka biya su." Ta shige madafa, ta buɗe tukunya, ta ce wa ya koya mini fere dankali da kauri haka.

Cram bai koma hannu wofi ba. Ya ɗauki wata bazawara mai ido ɗaya a kan santi arba'in. Mun ci abincin yamma muna raha, ba wanda ya ambaci sunanta.

*

Wasiƙar ta iso a tsakiyar Afrilu, lokacin da muke dafa ruwan itace muna yin sukari. Mista Dole ya karɓi santi hamsin maimakon ashirin da biyar, ya ce akwai wani abu a ciki. Da na fasa kakin sai takardar kuɗi ta faɗo kan tebur, dala goma, ta wani banki a Ohio.

Na duba layin farko, na tsaya.

"Karanta mana," in ji Goggo. "Ko rasuwa aka yi?"

Ba yadda zan yi. Na karanta. Elkanah ya ce da ya ga layin da ke gefe ya fita bayan gida ya zauna a kan kututture har rana ta faɗi. Ya ce me ya sa ta ɓoye masa? Wasiƙarmu ta makara a hanya saboda ruwa ya cinye gada. Washegarin isarta ya ja jar saniyar zuwa kasuwa ya sayar. Ga kuɗin, a kai wa dattawan gari a cire sunan uwarsa daga takardarsu. Kada ta damu da yaran, maƙwabciya tana ba su madara in ta samu rara.

Keken kaɗin ulun Goggo ya tsaya.

"Wane layi ne a gefe?"

"Ni na rubuta, Goggo. Tsoro na ji. Na ga kamar Cram zai..."

"Yara uku, Asenath. Ƙaramar ko yaye ba a yi ba." Ba ta ɗaga murya ba. "Na ba ki bakina ki riƙe mini, kika yi magana da shi."

Ta tashi ta shiga ɗakinta. Yini biyu ba ta ce mini uffan ba, sai dai ta ce wa Philura, "Gaya wa uwarki wuta ta yi yawa."

A rana ta uku ta ba Lemuel takardar, ta ce ya kai wa Mista Dole ya canja ta zuwa kuɗin da za a iya mayarwa, a sayi wata saniyar. Ya tafi da hantsi, ya dawo kafin azahar, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"Bankin ya rufe, Goggo. Tun makon jiya labari ya zo a jarida. Mista Dole ya ce bankunan yamma suna ta faɗuwa. Ya ce ko santi ɗaya ba zai bayar a kanta ba."

Ta karɓi takardar, ta daɗe tana kallon zanen da ke jiki, wata mace riƙe da damin alkama. Ni kuwa na fashe da kuka.

"Share hancinki," ta ce. "Ɗauko alƙalami."

Na zauna. Ta ja kujerarta kusa da tawa, yadda za ta ga hannuna.

"Rubuta: ɗana abin ƙaunata, kuɗi sun iso lafiya. An kai wa dattawa, sun cire sunana, Mista Tenney da kansa ya ce ba kowa ke da ɗa irinka ba. Da abin da ya rage na sayi mayafin ulu da shayi na gaske, rabin laba. Kada ka ƙara aiko da komai, ya ishe ni har ka zo. Ƙafata da sauƙi. Asenath tana gaishe ku, ita da dogon hannunta." Ta dube ni. "Sa shi haka. Kuma ki bar gefen fari."

Na rubuta, na karanta mata, ta sa na liƙe a gabanta. Sunanta yana nan a takardar gari, ni da ita mun sani, Maris kuma zai sake zuwa.

Lemuel ya tafi kai wasiƙar. Philura ta rarrafo ta kama gefen rigarta, ta ɗauke ta ta ɗora a cinya. Da ɗayan hannun ta miƙa saman murhu, ta tsinko busasshen ganyen na'ana'ar da muka shanya tun kaka, ta marmasa a kofi biyu, ta zuba tafasasshen ruwa. Ta turo mini ɗaya.

"Sha," ta ce. "Tun da zafinsa."