Takardu Huɗun Da Suka Rage

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe Dakta ya leƙa kwamfutar Malama, ya ce, "Wannan gwajin ba naki ba ne."

Ƙarfe huɗu za a rufe karɓar kundin bincike, kuma wa'adi na uku ke nan da aka ƙara mata. In ta wuce yau, sunanta ya fita daga jerin ɗalibai, shekara uku sun bi ruwa.

Malama ta shekara ashirin da huɗu tana koyar da 'yan aji uku karatu, da wata dabara tata ta bin kowane yaro da irin tafiyarsa. Wannan dabarar ta zo jami'a ta tabbatar. Ta yi wa yara arba'in jarrabawa, ta koyar da su wata huɗu, ta sake yi musu. Sannan ta zauna koyon manhajar ƙididdiga da yatsa biyu, tana danna maɓalli kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Abin da ta haddace shi ne, akwai wata lamba mai suna p, in ba ta gaza 0.05 ba, to ba a samu hujjar cewa ƙarin makin ya wuce dace ba. Tata ta tsaya ƙyam a 0.21.

"Kin ce wa manhajar aji biyu ne daban," in ji Dakta, mai duba aikinta. "Alhali yaran nan dai su ne. Gwajin kafin da bayan za ki yi. Kowane yaro makinsa biyu a layi ɗaya. Ina lambobin da kika ba su?"

"Wace lamba kuma, Dakta? An ce a ɓoye sunan yara, na sa almakashi na yanke."

"Ba ki rubuta lamba a madadin sunan ba?"

Ta girgiza kai. Dakta ya cire tabarau ya murje ido. Bai yi faɗa ba, kuma ita da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ta kira mijinta, baban yara, a waya. Cikin minti arba'in sai ga shi da kwalin takardun jarrabawar a kafaɗa, yana haki. "Malama, wannan digirin da ni ake yin sa, a sa sunana a takardar," ya ce. Da ya ga idonta, ya koma bakin ƙofa ya zauna.

Ta baje takardu tamanin a kan dogon teburin ɗakin kwamfuta, na jarrabawar farko a hagu, na ta biyu a dama. Suna babu, amma hannu yana nan, kuma tana alfahari ta san yaranta kamar yunwar cikinta. Ga mai danna biro har ya huda takarda. Ga bahaguwar da rubutunta ke kwanciya baya. Ga ɗan gidan mai faci, wanda duk takardarsa sai an ga baƙin yatsa. Tana ɗaga takarda fuska na zuwa mata, ta haɗa da 'yar'uwarta, ta shigar da makin. Fanka na neman kwashe takardu, ta danne da waya da jaka da takalmi ɗaya.

Ƙarfe uku saura kwata ta haɗa yara talatin da takwas. Saura takardu huɗu.

Rubutun duka huɗun mai tsabta ne, ba kwanciya, ba datti, ba wata alama. Na farko maki 31 da 44, na biyu 35 da 52. Ta ɗaga su ga hasken taga, ta juya bayansu, har shinshinawa ta yi. Ta ɗauko rajistar aji ta soke waɗanda ta gano, sunaye biyu suka rage. Ta karanta su a fili. Yara ne da ba sa rigima, ba sa fashi, ba sa ɗaga hannu. Ko inda suke zama ta kasa tunawa.

Ta gwada haɗa 31 da 35, 44 da 52. Ta danna. Manhajar ta ce 0.047. Lambar ta gaza 0.05. Sai ta musanya, don dai ta gani: 0.054.

Ta daɗe tana kallon haɗi na biyun. In shi ne gaskiya, to wani yaro ya sauko daga 44 zuwa 35 a gabanta, wata huɗu cur, ita ko a jikinta.

Dakta ya dawo uku da kwata. Ta nuna masa duka biyun.

"Wanne ne daidai?" ya tambaya.

"Na farkon ya fi kama da hankali, ko ba haka ba? Dakta, don Allah ka ce haka ne. Ba wanda zai sani."

"Ni ban san yaran ba, Malama. Ke ce malamarsu."

Nan hawayen da take riƙewa tun safe suka zubo. Tsoron rasa digiri ya kama ta da farko, yanzu kuwa kunya ce tsagwaronta.

Ta goge layukan biyu, ta sake dannawa. Yara talatin da takwas, 0.058. Ta buɗe babi na huɗu ta rubuta cewa ba a samu isasshiyar hujja ba. A ƙarƙashi ta ƙara cewa an cire ɗalibai biyu, domin mai binciken ta kasa gane takardunsu. Huɗu saura minti bakwai sakatariya ta buga wa kundin hatimi.

A bakin ƙofa baban yara ya miƙe ya saɓa kwalin. "An dace?"

"An karɓa," ta ce.

Ya miƙo hannu ta ba shi takardu huɗun ya mayar cikin sauran. Ta hana. Ta ninke su ta sa a jaka, tare da rajistar.

"Ranar Litinin ka sauke ni da wuri," ta ce. "Suna aji huɗu yanzu. Sai na tambayi malaminsu ya nuna mini su."