Gemun Mai Fenti

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta mana, sai in fara.

Mai fenti na tsugune a bayan ƙofa da guntun madubi, yana goga wa gemunsa baƙin man takalmi, sai matarsa ta ɗaga labule.

"Malam, ango za a zama ne ba a gaya mini ba?"

"Ke dai bari. Masu ba da aiki da sun hango furfura sai su kau da kai."

Ta so yin dariya, ba ƙarfi. Ciwon suga gare ta, maganinta kuwa ba a shan sa ciki wayam, ga buhun gari an kakkaɓe tun jiya. Hannunta na rawa a jikin labulen. Ya gani, ta kuma san ya gani.

"Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci," in ji ta. "Ka tafi da fuskar da ya ba ka."

"Ai shi ya ce tashi in taimake ka."

A ƙarƙashin gada masu neman aikin yini ke zama, kowa ya ajiye kayan sana'arsa a gabansa. Mota na tsayawa samari su yi caa a kanta. Shi kuwa kafin gwiwa ta ba shi izini an gama zaɓe. Rana ta take, yana ta salati a zuci, rabin hankalinsa na kan wancan hannun mai rawa.

Abokinsa Dogo mai gyaran famfo, wanda kansa ya yi fari fat kamar auduga, ya leƙo fuskarsa. "Saurayi, ina babanka yau?"

"Ka ji da kanka, tsohon banza."

Ana haka wata mata ta tsaya, ta sauke gilashi. "Mai fenti nake nema, amma dattijo. Mahaifiyata ita kaɗai ce a gida, ba ta yarda samari su shigar mata ɗaki."

Ya taso har yana tuntuɓe. "Ga ni, ranki ya daɗe."

Ta dubi gemun nan yana sheƙi. "Mai furfura na ce." Ta juya wajen Dogo. "Baba, kai fa, ka iya fenti?"

To, jikokina, Dogo ma ya kwana biyu bai samu aiki ba, shi ma da bakuna a gidansa. Ya dubi matar, ya dubi abokinsa.

"'Yata, ni ruwa na sani," in ji Dogo can. "Amma wannan da kike gani, da wayonsa aka haife ni. Ba ni minti ɗaya."

Ya zaro kwalbar kananzir da ake wanke burushi daga jakar abokinsa, ya jiƙa tsumma, ya damƙi haɓarsa ya shiga dirza. Samari suka kewaye su suna shewa. Idon mai fenti na zubar da ruwa, furfura na fitowa kaɗan-kaɗan.

Matar ta yi dariya har da kifa kai a sitiyari. "Shigo, Baba."

Ya riƙe murfin motar bai shiga ba. Bai taɓa roƙon komai kafin aiki ba, muryarsa ta yi ƙasa. "In ba damuwa, a biya ta gidana da burodi. Mai ɗakina ba ta karya ba, tana da magani."

Ta daina dariya. "Nuna mini hanya."

Matarsa ta ci, ta sha maganinta, ta yi barci. Tsohuwa ta yi ta mitar warin kananzir, amma ta bar shi ya gama ɗakunan. Dogo bai samu aiki ba ran nan, a gidan mai fenti ya ci abincin yamma da aka dafa da kuɗin aikin ranar, aka zuba masa na kai wa yaransa. Da aikin ya ƙare, su biyun suka koma ƙarƙashin gada.