Kunnen Baba Sifana

"Kashe shi, 'yata. Kashe."

Ƙafata na kan kik ɗin tayar da babur, injin bai ko gama ɗaukar wuta ba, muryar Baba Sifana ta fito ta tagar ɗakinsa. Na kashe. Hayaƙin ya tsaya cak a lungun da ya raba gidanmu da nasu.

"Baba, sauri nake. Ƙanƙarar da ke cikin kular maganin nan ba jira na za ta yi ba."

"Shi ma ba kai ki zai yi ba. Numfashinsa a toshe yake. Yaushe rabonki da wanke masa soson iska?"

Na sauka daga kan babur ɗin. Rabona da shi tun kafin Baba ya kwanta.

Allurar dabbobi ce aikina. Shekara huɗu ke nan da ofis ya ba ni babur irin na shiga daji, mai dogayen ƙafafu da taya mai manyan haƙora. Maƙwabcinmu Baba Sifana ya shekara talatin yana gyara wa ma'aikatan gandun daji irinsa, amma ko sau ɗaya bai yarda ya gyara mini ba. Ya ce a daji ba ni da maƙwabci. Sai ya zauna kan benci ya sa ni kwancewa da ɗaurawa, har faratana suka daina yin fari.

Iliminsa duk na kakarsa ne, wadda ba ta taɓa ganin babur ba, jakuna ta yi kiwo. Duk maganar da tsohuwar ta bar masa ya juye ta kan inji: a duba ƙafa kafin a ɗora kaya, a shayar kafin a nemi tafiya, in ya tsaya a nemi dalili kafin a ɗaga sanda. A wurinsa ƙafa ita ce taya, ruwa baƙin mai ne, sanda kuwa kik ɗin da ake ta bugawa cikin fushi.

Mako uku ke nan ciwon zuciya ya kayar da shi. Matarsa, da duk layin ke kira Gwaggo, ta matso da gadonsa jikin taga don ya riƙa shan iska. Idonsa ya dushe, kunnen ne ya ƙi tsufa.

Na kwance murfin gefe, na zaro soson. Ya yi baƙi ƙirin, ga taɓo ya daskare a kai. Na wanke shi da kananzir a tsohon kwano, na miƙa masa ta tsakanin ƙarafan tagar. Ya shafa shi da yatsunsa a hankali, ya kai hanci ya shinshina.

"Matsewa ake yi, ba murɗewa ba. Soso ne, ba wuyan kaza ba. Sa masa mai kaɗan."

Gwaggo ta leƙo da kofi a hannu. "Ji min mutum. Tun safe ya ƙi shan magani, amma ya tashi duba lafiyar babur."

"Shi ai yana jin magana," in ji Baba. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, muka jira har ya lafa.

Ya sa na danna sarƙa da yatsa na faɗa masa nisan da ta yi. Ya ce na matse ta da yawa, a rami na farko za ta rama. Na sassauta. Sannan ya tambaye ni inda na nufa. Na ce garken da ke hayin rafi, maruƙa na ta mutuwa, ga ruwan sama kwana biyu a jere.

Ya lumshe ido, har na ɗauka barci ya kwashe shi.

"Na san rafin nan," ya ce, muryar kamar daga ƙasan rijiya. "Yashinsa fari ne. Wata safiya na bi cikinsa, ba kowa, sai balbelu na tashi a gabana, suna sauka, suna tashi. Na kashe inji, amma babur ɗin bai daina tafiya ba." Ya buɗe ido. "Giya ɗaya za ki sa. Ki miƙe tsaye. Kada ki saki mai, kada ki kalli ruwa, ki kalli inda za ki fita."

"To, Baba."

"Tayar da shi in ji."

Bugu ɗaya ya tashi. Baba ya karkata kai yana saurare, ya ɗaga hannu ya sallame ni.

Hanyar ranar kamar a mafarki na bi ta. Gonaki sun sha ruwa, tururi na tashi daga kunyoyi, bishiyoyi na zuwa suna wucewa ba hayaniya. Na iso rafin wajen azahar. Ya cika, ja wur, yana jan rassa. Na daɗe a bakinsa. Makiyayin garken na tsaye a hayi yana ɗaga mini sanda. Na sa giya ɗaya, na miƙe, na kafa ido kan wata bishiya da ke bayansa. Ruwa ya kai min ƙwauri, tayar baya ta zame, ta kama, ta sake zamewa. Ban saki mai ba. Sai ga ni a kan tudu, ruwa na zuba daga takalmana.

Maruƙa biyu sun riga sun mutu. Sauran goma sha bakwai na yi musu allura, ƙanƙarar da sauranta. Kafin in juyo ruwan ya ja baya.

Rana ta yi sanyi na shigo layinmu. Tun daga kwana na hango benci a jere a ƙofar gidansu, da takalma tuli a bakin ƙofa. Na kashe injin a nan, na sauka na turo shi. Mazan da ke zaune suka janye ƙafafunsu na wuce, ba wanda ya ɗago ya dube ni. An riga an kai shi.

Gwaggo na zaune a bakin gadon, an naɗe katifar. Na durƙusa, ta kama hannuna, bai dame ta da maiƙon da ke jiki ba.

"Wajen azahar ne," ta ce. "Ina yi masa fifita, sai na ga hannunsa na dama yana murzawa a kan bargo, haka, haka. Na ce, Malam me kake nema? Bai amsa ba. Can ya saki numfashi, ya ce, 'Ta haye.' Na ce wa? Shi ke nan, 'yar nan. Shi ke nan."

Kukan bai zo mini a ɗakin ba. Na fito lungu na zauna a ƙasa, na jingina da bango. Babur ɗin na tsaye a gefena, injin na hucewa yana ƙas, ƙas, a hankali. Jan taɓon rafin ya fara bushewa a jikinsa, yana ɓantarewa yana faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.