Kujera Ɗaya, Fasinja Uku

"Ki rage murya mana," in ji Makokha. "Tana jin mu fa."

"Ta ji ɗin. Ni na hana ta zuwa Bungoma?"

Mwikali na tsaye gaban teburin shugaban nata na ofis, hannu a ƙugu. Wadda ake gudun ta ji kuwa surukarsa ce, Mama Nanjala, uwar matarsa. Tana zaune a ɗakin baƙi, bangon katako kawai ya raba su, kayan Kirsimeti sun kewaye ta: fulawar gurasar chapati, jarkar mai, da sabuwar katifa a naɗe.

Da sassafe tsohuwar ta isa tasha da tikitinta a waya. Surukin nata ne ya yankar mata da hannunsa, a manhajar da kamfaninsa ya haɗa wa masu motocin haya, yana ta cika baki. Ta shiga mota ta tarar da wani ƙato ya baje a kujerarta, ga wata sista ta coci a tsaye kansa, kowa da lamba iri ɗaya. Ƙaton aka tafi da shi, don ba mai iya ɗaga shi. Tsohuwa ta sa aka kwaso kayanta har ofis a titin Ngong. Ba ta zagi kowa ba, cewa kawai ta yi tana son ganin fuskar wanda ya yi mata haka. Aka kawo shayi ta ƙi sha. In kuwa tsohuwar Bungoma ta ƙi shayi, magana ta riga ta lalace.

Abin da ya faru ba tsafi ba ne. Irin manhajar nan ba ta zaman jiran aike. Takan tura saƙo ta ci gaba da wata hidimar, kamar macen da ta ɗora githeri, wato masara da wake, a wuta ta tafi wanki. Amma akwai inda dole a dakata. Kafin a ce wa fasinja kujera tasa ce, sai amsa ta dawo daga rumbun bayanai cewa ba a riga shi ba. Kalma ɗaya Mwikali, da ke rubuta manhajar, ta sa a wurin, mai cewa a jira. Jiran ma ɗan kaɗan ne, wani ƙaramin zobe ke juyawa a fuskar waya ya ɓace.

Zoben nan shi ya tsone wa Makokha ido. Ranar da masu motoci za su zo ganin aiki, ya tashe ta daga kujerarta, ya zauna gaban kwamfutarta, ya goge kalmar tana tsaye tana ce masa kada ya taɓa. Baƙi suka ga ana danna waya tikiti na fitowa, suka yi ta tafi. A watan Oktoba ba cunkoso, asiri bai tonu ba. Da Disamba ta kama, duk Nairobi na rububin tafiya gida, manhaja ta shiga rabon alkawarin kujera ba ta jiran amsa. Da yake kuma a kwamfutar Mwikali aka yi gogewar, sunanta ne ya hau kan ɓarnar.

"Ba wani abu ba ne," in ji Makokha, yana share zufa. "Ki fita ki russuna, ki ce hannunki ne ya kuskure. Gobe mu je wurin masu motoci ki maimaita. Shi ke nan."

"Hannuna? Mai agogon zinariya ɗin nan?" ta ce, tana nuna agogon da ke hannunsa.

"Mwikali, ki duba matsayina. Suruki nake. Ko idonta ba na kallo, ta yaya zan tsaya gabanta in ce ni na bar ta a tasha?"

"Da za ka zauna a kujerata ba ka tuna kai suruki ba ne. Kibet ma yana wurin. Kibet!"

Abokin aikin nata, a can lungunsa, ya zare abin jin kiɗa ɗaya daga kunne, bai ɗago ba.

"Ni ranar mura nake yi," ya ce, ya mayar.

"Mura ce ta toshe maka ido? Allah ya ƙara lafiya."

Ran Mwikali ya gama ɓaci. Masu rubuta manhaja a garin nan sun fi matan kasuwa gulma, kuma duk sun san juna. In ta buɗe baki ta ɗauki laifin nan gaban masu motoci, kafin sati sunanta ya koma wadda ta sayar wa mutum uku kujera ɗaya. Duk inda ta je neman aiki labarin zai riga ta zama. Shekarun da ta yi tana koyon inda ake jira da inda ba a jira, mutumin da rabonsa da rubuta layi mai kyau tun yana saurayi ya share su da yatsa ɗaya.

"A Janairu zan ba ki shugabancin sashe," in ji shi, da muryar lallashi.

"Wane sashe? Ni da mai mura?"

"Kuma ko kin ƙi, sunanki ne a jiki. Wa zai yarda da ke?"

Daga bayan katako aka ji tsohuwa ta yi gyaran murya.

"To, ji," in ji Mwikali. "Yanzu zan mayar da kalmar, in nemo duk waɗanda aka haɗa a kujera ɗaya, a kira su tun kafin su kai tasha. Ba zan ce kai ne ba. Amma ba zan ce ni ce ba."

"Ki kira su, na yarda. Sai dai zoben nan kada ya dawo."

"Me ka ce?"

"Masu motoci sun saba da sauri. Ki nemo wata dabara, ai don haka aka ɗauke ki."

Ta dube shi daga sumarsa har takalminsa. Ta cire katin ofis daga wuyanta ta ajiye masa, ta rataya jaka.

"In kika fita, kin fita ke nan," ya ce a hankali, yana satar kallon bangon.

Ta buɗe ƙofar ɗakin baƙi. Ta russuna sosai, ta riƙe hannun tsohuwa da hannu biyu.

"Sannu, Mama. An wahalar da ke yau."

"Ke ce kika yi min haka, 'yata?"

"A'a, Mama. Taso in kai ki wurinsa."

Ta tallafe ta har cikin ofis, ta ja mata kujerar da ke fuskantar Makokha, ta gyara mata mayafi. Shi kuwa ya miƙe ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohuwa ta ɗora jakarta a cinya, ta harɗe hannuwa.

"Ina jin ka," ta ce.

Mwikali ta tsallake jarkar mai, ta fita, ta banko ƙofa.